Takalmina a Kan Tabarmar Mai Gari

Bagudo,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗana Iliya,

Ina gaishe ka da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya bar mu da rai da lafiya har yau. Ina roƙonsa ya kiyaye ka duk inda ka sa ƙafa, a kan tudu ko a kan ruwa, ya kuma ba ka zuciyar karanta wannan takarda har ƙarshenta.

Za ka yi mamakin in rubuta maka wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Ka san dalili. Ni da kai in mun zauna magana ba ma kai ta ƙarshe. Ka ɗaga murya, in ɗaga wadda ta fi taka, sai gwaggonka Ladi ta shigo ta ce abinci na hucewa. Takarda kuwa ba a katse ta. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san aji uku na sakandare na tsaya, hannuna ya fi sabawa da sifana.

Ranar Asabar ka same ni a gareji ka ce shugabannin gundumar ikilisiyarmu sun tura ka Tungar Gawo, can bakin iyakar Benin, ka yi aikin bishara a ƙarƙashin Baba Fasto Markus. Ka ce in yi wa shugaban gunduma magana a canja maka zuwa birni. In kuwa ba a canja ba, za ka bi abokinka Kaduna ku buɗe majami'arku, inda babu mai ce maka zauna ko tashi. Ban ba ka amsa ba a gaban ma'aikata. Ga amsata yanzu: ba zan yi maganar ba.

Kada ka ɗauka ba zan iya ba. Zan iya. Rufin majami'ar garin nan daga aljihuna ya fito, kowa ya sani, motar gunduma kuma a garejina take kwana in ta lalace. Waya ɗaya zan buga a sake takardarka. Saboda ina iyawa ne ma ya sa nake jin tsoron yi.

Ba zancen Kaduna ne ya fi sukar zuciyata ba. Abin da ka faɗa a kan Baba Markus ne. Ka ce tsoho ne mai bin layi da ɗan yatsa in yana karatu, wa'azinsa bai wuce guda nawa ba yana ta juya su, yana cakuɗa Hausa da Dandanci, yaren mutanen wurin. Sannan ka ce, "Baba, mutumin da ke zubewa ƙasa gaban mai gari, shi ne zai koya mini aikin Allah?" Da ka faɗi haka sai na ji muryata ce ke fita daga bakinka. Na taɓa faɗin kusan wannan magana, a kan wannan mutum ɗin, ina da kamar shekarunka. Shi ya sa zan ba ka labarin yadda ta kaya da ni.

Na baro ƙasar Zuru da jakar kayan gyara a kafaɗa, babu wanda ya ba ni jari, babu wanda ya riƙe mini hannu. Lokacin manoman shinkafa na fadamar kogin Kwara sun fara sayen injin ban-ruwa, ba su da mai gyara. A Tungar Gawo na fara zama, ƙarƙashin wata rumfar zana. Kafin a daɗe, daga Kende har Lafagu in inji ya ƙi tashi sai a ce a kira Habila. Har daga tsallaken iyaka ana ɗoro inji a kwalekwale a kawo mini. A nan na auri mahaifiyarka Rifkatu. Ban ɓoye maka ba, ina alfahari da wannan har gobe. Amma mutumin da ya tashi da ƙarfin hannunsa yana da wata cuta: yana ganin tunda babu wanda ya ɗaga shi, babu wanda ya isa ya sa shi.

Mu Kirista a Tunga ba mu da yawa, baƙi ne kusan dukanmu, masu aikin gona da 'yan ƙwadago. Muna sujada a wata bukka mai rufin ciyawa. Sai gunduma ta aiko mana Markus, siriri, da keke da akwatin ƙarfe ɗaya. Ranar da na fara jin wa'azinsa na ce wa mahaifiyarka, ni da ban gama sakandare ba na fi shi karatu. Ta ce, "Ai ba gasar karatu aka aiko shi ba." Ban saurare ta ba.

Kuskurena na farko a kan gini ne. Na sami hali, na sayi kwano da katako, na ce a gina majami'a a bakin mashaya, inda duk mai wucewa a jirgi zai gani. Markus da dattawan ikilisiya suka ce a dakata, wurin hanyar mata ce ta ɗiban ruwa, za a jawo magana da mutanen gari, a bari a nemi wani wuri. Na ce kwanona ne, inda na ce nan za a kafa. Suka ce ba su yarda ba. Sai na yi fushi na daina zuwa, na fara tara mutane a rumfata ran Lahadi, ni ne mai karatu, ni ne mai wa'azi. Kusan rabin ikilisiya suka biyo ni. Na ɗauka wa'azina suke so. Daga baya na gane yawancinsu injinsu a hannuna yake, wasu kuma ni nake ba su aiki.

Ka lura da wannan da kyau, Iliya: babu abin da ya same ni. Sama ba ta faɗo ba. Ciniki ma ƙaruwa ya yi a shekarar. Na riƙa cewa ga shi nan, Allah yana tare da ni. Wannan shi ne tarkon da nake ji maka tsoro a Kaduna. Mai yiwuwa ku cika ɗaki da mutane, ku sayi lasifika da ganguna, ka ce ai Allah ya amince. Cikar ɗaki ba shaida ba ce. Ni ma na cika rumfa. Abin da na yi shi ne na raba mutane kaɗan gida biyu, har mata biyu da ke daka a turmi ɗaya suka daina gaisawa. Maganar Allah ta koya mana mu saurari waɗanda aka ɗora a kanmu cikin ikilisiya, domin su za a tambaya a kan rayukanmu. Ni wa zai tambaye ni a rumfar nan? Babu. Abin da ya yi mini daɗi ke nan, kuma shi ne haɗarin.

Markus bai taɓa ambata sunana a bagade, inda yake wa'azi, ba. Duk Litinin sai ya turo kekensa rumfata ya ce in duba masa sarƙa, sarƙar da lafiyarta ƙalau. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya tambayi lafiyar Rifkatu, ya tafi. Mahaifiyarka kuwa ba ta taɓa zuwa sujadar rumfata ba. Ran Lahadi sai ta ɗaura ɗankwalinta ta wuce ta gabana zuwa bukka. Da na yi mata magana ta ce, "Maigida, a gida kai ne shugabana, ban musa ba. A ikilisiya kuwa ba kai aka aiko ba." Kunyar wannan ce ta mayar da ni, ba wa'azin kowa ba. Na koma, amma da jikina kawai. Zuciyata tana nan a tsaye.

Kuskure na biyu shi ne babba, shi ne kuma ban taɓa ba ka labarinsa ba, don ba ni da kyau a cikinsa.

A lokacin ba mu da makabarta. In wani ya rasu a cikinmu sai a nemi mota a kai shi garinsu, mai nisa ko kusa. Dattawa suka yanke shawara a je wurin mai gari a roƙi fili. Markus ya ce in raka shi, tunda mai gari ya san ni, ni nake gyara masa inji. A hanya ya ce mini, "Habila, in mun isa zaure za mu tuɓe takalmi a waje. Mu durƙusa mu yi gaisuwa. Ka bar ni in yi magana." Na ce to, a baki.

Ina sanye da wani takalmi sau-ciki baƙi da na saya a kasuwar Dole Kaina, irin na Kwatano, ana ganin fuska a jikinsa. Da muka isa, Markus ya tuɓe silifansa ya jera su a bakin ƙofa, ya shiga ya durƙusa. Ni kuwa na shiga da nawa, na taka tabarmar da mai gari ke zaune a kai, na miƙa masa hannu kamar mun haɗu a tasha. Na gaya wa kaina wai bangaskiya ce, Kirista ba ya durƙusa wa mutum.

Mai gari dattijo ne mai farin gemu, ba ya gaggawar magana. Bai dubi hannuna ba, ƙafata ya duba. Wani bafade da ke gefe ya ce, "Makaniki, ƙafar ciwo take? In ciwo ne a kawo maka kujera."

Na ce, "Lafiyarta lau. Ni ga Allah kaɗai nake durƙusawa."

Mai gari ya ce, "Mu ma shi kaɗai muke wa sujada, makaniki. Wagga gaisuwa ce." Sannan ya juya ga Markus ya ce, "Malam, mi ya kawo ku?"

Markus ya faɗi buƙatarmu, kansa a ƙasa. Mai gari ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Mun ji. Za mu duba." Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san ma'anar wannan.

Da muka fito ina ta zuba, ina cewa ai dama ba za su ba mu ba, don mu Kirista ne. Markus ya sa silifansa, ya kama kekensa, ya ce, "Habila, kai kaɗai ka shiga da takalmi, amma amsar da aka bayar ta mu duka ce." Ya tura kekensa ya wuce. Ni kuwa na baza labari a cikin 'yan'uwa cewa na tsaya wa Yesu a gaban sarauta, fastonmu kuma matsoraci ne mai zubewa ƙasa. Ka ji inda maganarka ta samo asali.

Ga abin da ban sani ba a lokacin, ko in ce na sani na ƙi. Maganar Allah ba ta ce mu girmama shugaba in addininmu ɗaya da shi ba. Ba ta ce in ya fi mu karatu ba. Ta nuna mana cewa mulki ba ya zuwa hannun kowa sai da iznin Allah, kuma mai raina shi yana raina tsarin da Allah ya kafa don mutane su zauna lafiya. Waɗanda aka fara koya wa wannan, sarakunansu ba masu bi ba ne, wasu ma masu tsananta musu ne. Ubangijinmu kansa ya tsaya a gaban mai mulkin da bai san Allah ba, bai zage shi ba. To ni wane ne, Habila mai gyaran inji? Ba don Yesu na ƙi tuɓe takalmin nan ba. Don takalmin ne, da ƙafar da ke ciki.

Damina ta biyu bayan wannan mahaifiyarka ta kwanta. Ba ka daɗe da yaye ba. Zazzaɓi ne ya kama ta, kafin mu farga ya hau kai. Ruwa ya cika, hanyar mota ta yanke, ta rasu da asuba a hannun gwaggonka. Na fito tsakar gida na tsaya. Kai ta Zuru ba zai yiwu ba, babu motar da za ta shigo. Gonar da nake nomawa ta aro ce, tana fadama kuma, ruwa ya shanye ta har gwiwa. Ina da kuɗi a ɗaki, ina da injuna a rumfa, ana kiran sunana har tsallaken iyaka, amma ba ni da ƙasar da zan sa matata a ciki.

Markus ya zo, ya yi addu'a a kanta, ya fita. Na ga ya nufi gidan mai gari sai na bi shi. Ana yayyafi. Tun daga bakin masallaci, da sauran nisa, ya tuɓe silifansa ya riƙe a hannu, ya taka cikin taɓo. Da ya isa ƙofar zaure bai shiga ba, ya durƙusa a nan waje cikin laka yana jiran a yi masa izni. Na dubi ƙafata. Takalmin roba ne na aikin fadama a ranar. Na tuɓe shi, na durƙusa a bayansa. Babu wanda ya ce in yi.

Aka ce mu shigo. Bafaden nan mai ba'a yana nan, amma ranar bai yi ba'a ba. Markus ya ce, "Ranka ya daɗe, matar ɗanka Habila ta rasu. Ba mu da inda za mu kai ta sai wurinka."

Mai gari ya yi mini ta'aziyya, ya tambayi wa zai riƙe yaron, wato kai. Sannan ya ce, "Makaniki, filin shina nan bayan tudu, wurin gawon nan. Tun randa kunka zo na ware shi a raina. Amma da na ba ka a ranar, da mutane sun ce mai kuɗi ya taka tabarmar gari ya karɓi ƙasa. Filin da aka samu haka, ba mai tsare shi. Wata rana sai a sa garma a kai. Yau kowa ya ga yadda aka roƙa, kowa ya ga yadda aka bayar." Ya sa mutanensa suka ɗauki diga da shebur suka taya mu haƙa, Musulmi da Kirista cikin ruwa.

A nan mahaifiyarka take kwance. Ita ce ta farko a makabartar. Na sha kai ka wurin kana yaro, kana tsintar 'ya'yan gawo ina share ciyawa, ban taɓa gaya maka yadda aka sami ƙasar ba. Gwiwoyin da ka raina ran Asabar, su suka samo wa uwarka wurin kwanciya.

Ka koyi wannan daga gare ni tun kafin a koya maka da irin farashin da na biya. Shugaba yana ganin abin da kai ba ka gani daga inda kake tsaye. Ni na ga tsoho mai son a durƙusa masa. Shi kuwa yana tunanin wa zai kare kaburburan bayan dukanmu mun mutu. Kuma in kana wakiltar mutane, taurin kanka ba naka ne kai kaɗai ba. Su za su biya.

Yanzu za ka ce, to shi ke nan, duk abin da mai mulki ya ce sai a yi? A'a. Nan ma na yi kuskure, na uku ke nan, ta ɗaya gefen.

Bayan rasuwar na zama ɗan gidan mai gari. In injinsa ya yi tari kafin ya aiko na isa. To akwai wata tsohuwar al'ada ta masunta a wurin, kafin a buɗe su na shekara, wato kamun kifin gayya, sarkin ruwa yakan tara gudummawa gida-gida a sayi dabba a yanka wa ruwa. Malaman garin ma ba duka ke son abin ba, amma al'ada ce da aka gada, mai gari kuma ba ya son rigima da masunta. A da ba a zuwa gidajenmu. Shekarar nan, tunda an ba mu ƙasa mun zama 'yan gari, aka ce mu ma mu kawo. Na ce wa 'yan'uwa kowa ya sha kuruminsa, ni zan biya na kowa. Mutumin da ya ba ni kabarin matata, zan ce masa a'a?

Markus ya ji, ya zo rumfata. Ranar bai kawo keke ba. Ya ce, "Habila, ka mayar da hannunka aljihu. Taso mu je."

Muka je. Ya tuɓe silifa a inda ya saba, ya durƙusa yadda ya saba, ya yi gaisuwa har ta fi ta kullum tsawo. Sarkin ruwa yana zaune a gefe. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne. Ka sa mu gyaran hanya, za mu fito. Ka sa mu yashe mashaya, za mu fito kafin kowa. Harajin da ka ce, ba mu taɓa jinkiri ba. Amma yanka wa ruwa, wannan kaɗai ba za mu iya ba. Wanda ya halicci ruwan ya hana mu. Duk hukuncin da ka ga ya dace, mun karɓa."

Sarkin ruwa ya ce, "Kifin fa, Malam? Shi ma an hana ku ci?"

Markus ya ce, "Shi kam ba a hana ba, sarki. Cikin kifi ma har na fi son ragon ruwa."

Aka yi 'yar dariya, amma hukunci ya fito: babu Kiristan da zai jefa koma a sun shekarar. Ga mutanenmu, waɗanda kifin nan ne miyarsu ta watanni, abu ne mai nauyi. Wasu suka ce a kai ƙara Bagudo. Markus ya ce a'a, mun ce mun karɓa. Ranar kamun kifin muka fito da fartanya muka share mashaya tun daga sama har bakin ruwa, muka koma gefe muka tsaya muna kallo ana fito da kifi. Da shekara ta zagayo ba a sake aiko mana ba, ba a kuma hana mu su ba.

Ka gani, Iliya? Ni da na shiga da takalmi ina cewa ga Allah kaɗai nake durƙusawa, ni ne na ɗauko kuɗin yanka. Shi da ke zubewa ƙasa, shi ne ya ce a'a a gaban mai gari da sarkin ruwa. Kuma an saurare shi ne domin ya yi shekaru yana cewa to a kan duk abin da za a iya cewa to. Mutumin da ke musu a kan komai, ranar da ya zo da musun gaskiya ba mai bambance ta da sauran. Biyayya tana da iyaka guda ɗaya, inda aka ce ka saɓa wa Allah. Ko a nan ɗin ma ba da zagi ake ƙi ba, kuma ba a gudun hukuncin. Tura ka ƙauye ba saɓon Allah ba ne. Zama a ƙarƙashin tsoho mai bin layi da yatsa ba saɓon Allah ba ne.

Ban ce gunduma ba ta kuskure ba. Mutane ne. Mai yiwuwa ma sun tura ka Tunga ne don babu wanda ya yarda ya je, kai kuma sabo ne. Ban sani ba. Amma ranar da aka keɓe ku domin aikin bishara a makaranta ina zaune a benci na biyu, da kunnena na ji ka ce za ka tafi duk inda aka aike ka. Ba ka ce sai in da lantarki ba.

In ka je, ga abin da nake so ka riƙe. Mai garin da na ba ka labari ya rasu, ɗansa ne a kai yanzu, kusan sa'anka ne, yana da waya biyu. Ka tuɓe masa takalmi kamar yadda za ka tuɓe wa ubansa. In Baba Markus ya yi abin da kake ganin ba daidai ba, ka same shi a ɗaki ku biyu ka faɗa masa. Kada ka gyara shi a bagade, kada ka gyara shi a gaban matasa, ko da ido. Matasan za su so ka, don ka iya Turanci da kiɗa, za su zo su ce kai ne ya kamata ka riƙe ikilisiya. Ranar da ka ji daɗin wannan magana, ka tuna rumfata. In abin ya fi ƙarfin ɗaki, akwai dattawa, akwai gunduma, ka bi ta nan.

Wurin bakin iyaka ne. Wani ɗan'uwa zai zo ya ce ka ɗaura masa ɗan kaya a bayan babur ka tsallaka da shi, tunda kai mai bishara ne ba a cika bincikarka ba. Ka ƙi, ko da shi ne mai ba da baiko mafi tsoka a majami'a. Ma'aikatan da ke tsaye a hanya su ma hukuma ce, ka tsaya in sun tsai da ka, ka amsa abin da suka tambaya. Ran Lahadi ka yi addu'a domin mai gari da shugabannin ƙasa, har da waɗanda ba ka zaɓa ba. Wannan na ƙarshe har yau yana yi mini wuya, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ina yi.

In kuwa ka zaɓi Kaduna, kai ɗana ne, ɗakinka yana nan, ba zan hana gwaggonka yi maka guzuri ba. Sai dai ba zan ɗora hannu a kanka in ce Allah ne ya aike ka ba, domin ban ga wanda ya aike ka ba sai kanka.

Akwai abu ɗaya da ya rage. Na riga na gaya wa dattawa, a gefen mahaifiyarka za a sa ni, an bar mini wurin. Baba Markus ya tsufa, idonsa ya fara dushewa, shi ya sa yake bin layi da yatsa. Ba na jin zai fi ni daɗewa, ba na jin kuma ni zan daɗe sosai bayansa. Duk wanda ke riƙe da ikilisiyar Tunga a lokacin, shi zai je zauren mai gari ya sanar, shi zai tsaya a bakin ramin Markus, shi zai tsaya a bakin nawa. Ban roƙi gunduma komai ba, Allah ne shaidata. Amma da na ga sunan garin a takardarka, na shiga bayan gareji na daɗe ban fito ba.

Ran Litinin da safe zan fito da mota in tsaya a ƙofar gida. In ka fito da jakarka, zan kai ka har mashaya, mu shiga jirgi tare. Gidan mai gari za mu fara zuwa, sannan wurin Baba Markus, sannan bayan tudu. Na aika an sayo silifa ƙafa biyu a kasuwa, taka da tawa, sun fi sauƙin tuɓewa. Taka tana bakin ƙofar ɗakinka.

Allah na salama ya tsare ka daga haɗarin hanya da na ruwa, daga mugun mutum, da kuma irin zuciyar da ka gada a wurina. Ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da kyau fiye da yadda na fara. Gwaggonka Ladi tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ba ta san abin da na rubuta ba, amma duk abin da yake, ka ci abinci kafin ka yi fushi.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai.

Ni ne mahaifinka,
Habila